Basakkwace a Legas: Kasuwa, Daji da Bakin Teku

Ka fita da an sallame sallar asuba, in ba haka ba cunkoson gadar Third Mainland zai cinye maka safiya. Tanadi katin Cowry na shiga motar BRT, wato doguwar bas ta haya.

Fara da kasuwar Balogun. Rataya jaka ta gaba, kada ka zaro waya cikin turmutsitsi, kuma ka taya ƙasa sosai. A gandun dajin Lekki Conservation Centre akwai gadar tafiya a ƙafa ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401. Sa rufaffen takalmi, ka ɓoye abinci, don birai na fizgewa.

Zuwa bakin tekun Tarkwa Bay sai a jirgin ruwa, kada ka hau ba rigar kariya. Teku fa ba Gulbin Rima ba ne. Igiyar ruwa na zare yashi daga ƙarƙashin ƙafarka ta ja ka ciki, saboda haka ko ka iya iyo, tsaya iya gwiwa.