Ƙarin Digiri ta Hanyar Jarrabawa: Shawara ga Sabon Soja Bahaushe a Amurka

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke shiga aikin soja a Amurka da katin zama na dindindin sun riga sun yi karatu a gida, wani da digirinsa daga Kano ko Zariya, wani da babbar difloma ta kwalejin fasaha, wani kuma da takardun jami'ar Yamai. Da zarar an gama horon kurata an zauna a bariki, sai a fara jin labarin cewa ana samun digiri da araha ta hanyar zana jarrabawa kawai ba tare da zama a aji ba. Labarin gaskiya ne, amma wanda ya riga ya mallaki digiri yana da sharuɗɗan da suka bambanta da na yaron da ya fito daga sakandare, kuma rashin sanin wannan bambanci shi ne ke sa mutum ya ɓata watanni yana tara sakamakon da babu makarantar da za ta ƙirga masa.

A tsarin Amurka ana auna karatu da kiredit, kuma digirin farko yawanci kiredit 120 ne, darasi guda kuwa galibi kiredit uku. Akwai manyan jarrabawa iri biyu da ke maye gurbin darasi. CLEP ta hukumar College Board tana da fannoni 34, ana ba da maki daga 20 zuwa 80, kuma majalisar ilimi ta ACE ta ba da shawarar a karɓi 50 a matsayin ci. DSST kuwa makin cinta 400 ne. Hukumar DANTES ta ma'aikatar tsaro tana biya wa soja kuɗin zama na farko a kowane fanni, amma idan ya faɗi, maimaitawa daga aljihunsa ne, kuma a CLEP sai ya jira wata uku. Ana zanawa a na'urar kwamfuta a cibiyar jarrabawa, sau da yawa a cikin ofishin ilimi na bariki: ka nuna katin shaidarka na soja, ka ajiye waya a akwati, ka zauna kimanin minti 90 a CLEP ko awa biyu a DSST, kuma a yawancin fannonin makinka zai bayyana a fuskar kwamfutar kafin ka tashi daga kujera.

Amfanin wannan yana fitowa ne idan aka dubi tallafin kuɗin makaranta da soja ke samu yana bakin aiki, wanda ake kira TA. Iyakarsa dala 250 ce a kan kowane kiredit, sannan ba ya wuce dala 4,500 a shekarar kuɗi, wadda ke farawa ranar 1 ga Oktoba. Idan aka yi lissafi, kiredit 18 ke nan a shekara, wato darasi shida. Duk jarrabawar da ka ci ta tsame maka darasin dala 750 daga wannan lissafi, domin kuɗin DANTES ba ya taɓa kason TA.

Sai dai a nan ne mai digiri daga gida ya kamata ya tsaya ya yi nazari. A ƙa'ida, TA ba ya biyan karatun da yake daidai da matakin da ka riga ka kai ko ƙasa da shi. Idan an tantance digirinka na gida aka ce ya yi daidai da digirin farko na Amurka, aka kuma shigar da shi cikin bayananka na soja, to ƙofar da ta buɗe maka ita ce ta digiri na biyu, watau mastas, ba ta wani digirin farko ba. Saboda haka matakin farko ba jarrabawa ba ne, tantance takardu ne. Kamfanoni irin su WES da ECE ke yin wannan aiki, kuma ya fi kyau ka nemi tantancewar da ke bin darasi ɗaya bayan ɗaya, domin ita ce ke nuna wa makaranta abin da ka riga ka karanta. Ka tambayi makarantar da kake so wace tantancewa take karɓa kafin ka biya ko sisi, sannan ka fara neman takardar sakamakonka daga jami'ar gida da wuri, tunda duk wanda ya taɓa bin wannan takarda ya san ba a samunta cikin mako guda.

A ganina, mafi yawan masu digirin da aka amince da shi gara su wuce mastas kai tsaye. Ƙarin digirin farko yana da ma'ana ne ga wanda yake son sauya fanni gaba ɗaya, misali wanda ya karanta tarihi yana son komawa ilimin kwamfuta ko akanta, ko wanda tantancewa ta ba shi kiredit masu yawa amma ba ta kai shi cikakken digiri ba. Wannan na biyun ya fi kowa cin moriyar tsarin, domin TA yana nan a buɗe gare shi, ga kiredit ɗin gida, ga kuma waɗanda horon soja ya ba shi, waɗanda ke rubuce a takardar JST ga sojan ƙasa da na ruwa, ko a kwalejin CCAF ga sojan sama. Idan yana da burin zama hafsa, cikakken digiri da takardar zama ɗan ƙasa duka sharaɗi ne.

Makarantu uku sun yi suna wajen karɓar kiredit masu yawa daga waje: Thomas Edison State University a jihar New Jersey, Excelsior University a New York, da Charter Oak State College a Connecticut. Dukkansu suna da amincewar manyan hukumomin tantance jami'o'i, kuma an gina su ne domin manya masu aiki. Duk da haka kowace tana tilasta ɗaukar wasu darussa a wurinta, musamman darasin kammalawa, tana kuma da kuɗaɗen da ba na darasi ba waɗanda TA ba ya biya. Don haka kada ka kwatanta farashin kiredit kawai. Ka nemi kowace ta rubuta maka jimillar abin da ya rage maka da abin da zai fita daga aljihunka har ranar karɓar shaida.

Akwai wani tarko da ba a cika faɗa ba. Mai neman ƙarin digirin farko yawanci an riga an yafe masa darussan share fage kamar Turanci da lissafi na gama-gari, abin da ake buƙata daga gare shi shi ne sababbin kiredit a ainihin fannin, kuma mafi yawansu na manyan azuzuwa ne. CLEP kuwa duk darussan shekarun farko ne, wasu daga cikin DSST ne kaɗai ake ƙirgawa a matakin sama. Wanda ya ɗauki jarrabawa goma kafin ya ga tsarin digirinsa a rubuce yana iya tarar da cewa bakwai sun maimaita abin da ya riga ya karanta a gida, kuma ba a ƙirga abu sau biyu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka nemi gurbi, ka miƙa dukkan takardunka, ka karɓi tsarin digiri daga mai ba ɗalibai shawara, sannan ka zaɓi jarrabawar da ta dace da gurbin da ya rage.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi suna da wata garaɓasa: CLEP ta Faransanci tana ba da kiredit shida a maki 50, tara a maki 59, bisa shawarar ACE, kuma ga wanda ya yi makaranta da Faransanci wannan aikin safiya ɗaya ne. Masu shiri kuma suna iya amfani da darussan Modern States, waɗanda kyauta ne a intanet.

Jarrabawa ba ta dace da kowane fanni ba. Aikin jinya da injiniyanci da shirin shiga likitanci suna buƙatar darussan ɗakin gwaje-gwaje da maki na gaske, alhali sakamakon CLEP ci ne kawai ba tare da daraja ba, kuma wasu makarantun mastas suna son ganin maki a darussan da suka shafi fanninsu. Haka nan a yi hattara da makarantun kasuwa da ke farautar sojoji da kiran waya ba dare ba rana. Rushewar Corinthian Colleges a 2015 da ITT Tech a 2016 ta bar dubban ɗalibai, ciki har da tsofaffin sojoji, da kiredit ɗin da wasu makarantu suka ƙi karɓa. Ka tabbatar makarantar tana cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniya da ma'aikatar tsaro, kuma ka tuna cewa idan ka samu ƙasa da C a darasin digirin farko da TA ya biya, za a nemi ka mayar da kuɗin.

Game da GI Bill, wato tallafin karatu na wata 36 da gwamnati ke ba wanda ya yi aikin soja, shawarata ita ce a bar shi sai an rasa wata hanya. Bayan ka ajiye kaki yana biyan kuɗin makaranta har da na haya, kuma wanda ya yi shekara shida a aiki ya amince ya ƙara huɗu yana iya mayar da shi ga matarsa ko 'ya'yansa. Idan TA ya ƙi biyan ƙarin digirinka, ka fara lissafa ko jarrabawa da 'yan darussan da za ka biya da kanka za su isa, kafin ka taɓa wannan ajiya.