Kurakuran da ake yi wajen auna haɗarin ambaliya kafin a mai da ginin ofis makaranta

"Ai ginin nan ya daɗe, ruwa bai taɓa shigarsa ba." Wannan maganar ita ce uwar kurakurai, kuma da zuciya ɗaya masu gini ke faɗarta. Gini dai yana nan yadda yake, amma masu zama cikinsa sun canza. Ma'aikacin ofis in ya ga hadari ya haɗu, sai ya kashe kwamfuta ya kama hanya. Yaro ɗan shekara shida kuwa sai ya jira a zo ɗaukarsa, malama ɗaya kuma ba ta iya riƙe hannun yara talatin lokaci guda. Shi ya sa a Ingila ƙa'idar tsara gine-gine ta sa makaranta a rukunin da ya fi na ofis rauni a gaban ambaliya. Tsohon rahoton haɗarin ambaliya da aka yi wa ofis a ajiye shi gefe, a yi sabo da ya san yara ne za su shiga.

Sai kuma rashin fahimtar lissafi. In injiniya ya ce wurin yana cikin haɗarin "ambaliyar shekara 100", mutane sukan ɗauka sai an yi ƙarni kafin ruwa ya zo. Abin nufi shi ne kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100, ko da an yi ambaliyar bara. A shekara 30 yiwuwar ta kai wajen kashi 26 cikin 100. Kuma lissafin ya dogara ne da ruwan da aka yi a baya, alhali duk ƙarin zafi na digiri ɗaya kan sa iska ta riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. A nemi injiniya ya bar rarar tsawo sama da inda lissafin ya nuna ruwa zai kai saboda wannan.

Kuskuren da na fi so a kula da shi shi ne duban kogi kaɗai. Mutum ya buɗe taswira, ya ga babu kogi kusa, hankalinsa ya kwanta. To, ruwan sama da ya rasa hanyar wucewa fa? Ginin ofis yawanci kewaye yake da kwalta da siminti, ga filin ajiye motoci, ƙasa ba ta shan komai. In magudana ta cika, ruwan datti kan komo ta masai da wurin wanke hannu, ya shiga gini ba ta ƙofa ba. Akwai kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke tsattsafowa ta daɓe. Taswira ba lalle ta nuna waɗannan ba. A je wurin da ƙafa bayan ruwa mai ƙarfi, a ga inda yake kwanciya, a dubi tabon ruwa a bango, a tambayi maƙwabta da masu gadi, domin sun fi takarda tuna abin da ya faru. A sa bawul mai hana ruwa komowa a bututun magudana.

Ana mantawa da hanya ma. Gini na iya zama a bushe, titin gabansa ya koma rafi. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, balle yaro, santimita 30 kuma na iya ɗaga ƙaramar mota. Iyaye kuwa da sun ji labari za su nufo makaranta, ko ruwa ya kai ina. Dole a rubuta tun farko wa ke karɓar gargaɗi, yaushe za a sallami yara, yaya za a sanar da iyaye, wane bene za a hau in fita ta gagara, da yadda za a hau da ɗalibi mai keken guragu tunda lif ba abin dogaro ba ne a lokacin. Sannan a gwada shirin da yaran kansu.

Rabon ɗakuna shi ne na ƙarshe da ake ɓatawa. Kada a sa aji a ɗakin ƙarƙashin ƙasa don kawai yana da faɗi. Akwatin wutar lantarki, soket, takardun ɗalibai da sinadaran ɗakin gwaji duk a ɗaga su sama da inda ake hasashen ruwa zai kai. A cire kafet ɗin ofis a hawan ƙasa a sa tayil, domin abin da ya jiƙe kan fara fumfuna cikin awa 24 zuwa 48, yara masu asma kuma su ne za su fara shaƙarta.