Yadda Ake Fahimtar Sakamakon Gwajin Dajin Fata a Jikin Feret

Feret dabba ce mai kama da tunku, ana kiwonta a gidaje a Amurka da Turai, kuma idan ta haura shekara 3 ƙari a fata ba baƙon abu ba ne a wurinta.

Kada kalmar daji ta firgita ka tukuna. Ɗaya daga cikin ƙarin da aka fi gani shi ne na ƙwayoyin mast (wasu ƙwayoyin garkuwar jiki): ɗan tudu faffaɗa kamar maɓalli, mai ƙaiƙayi, da ɓawon busasshen jini a kai, yakan lafa ya dawo. A jikin kare wannan ƙari na iya zama mugu, amma a feret yawanci ba ya yaɗuwa, cire shi kan wadatar. Masu haɗari su ne gyambon da ya ƙi warkewa, da limfoma ta fata (dajin fararen ƙwayoyin jini), wadda kan kumbura tafin ƙafa ya yi ja.

Ido ba ya tantance wannan. Likitan dabbobi zai zuƙo ƙwayoyi da siririyar allura, ko ya yanke ƙarin ya aika ɗakin gwaji. Idan takarda ta fito, tambayi abu biyu: wane iri ne, kuma gefen naman da aka yanke ya fita tsaf? In da saura, ƙarin na iya sake tsirowa.

Kafin tiyata a auna sukarin jini, domin tsofaffin feret na yawan fama da ƙarin da ke sauke shi. Kada a hana ta abinci fiye da awa 4. Ana cire zaren ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14.