Yadda Ake Gane Tsohon Ƙaramin Babur na Honda Kafin a Tada Shi

Idan kana yawan leƙa Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo a kudancin Jidda, wata rana za ka ci karo da ƙaramin babur, irin wanda mutanen gari ke kira dabbab, a jingine bayan tsofaffin firji, ƙura ta rufe shi. Mai kayan zai ce maka, "Wallahi ya Hajji, asali ne." Kada ka zaro riyal tukuna. Durƙusa ka duba.

Fara da lamba. Goge jikin firam ta hagu, akwai lamba a buge a jikin ƙarfen. Ta injin kuma tana ƙasa ta hagu, kusa da abin taka giya. Na Honda zai fara da Z50A ko ST70 ko CT70, ta injin kuma da ƙarin E, kamar CT70E. In ka ga irin su 139FMB, injin China ne aka ɗora. Kamfanonin China irin su Jincheng da Skyteam sun kwaikwayi waɗannan babura sosai, daga nesa ba ka bambance su.

Sai sifa. Z50A, wanda ake kira Monkey, ya fito a 1968: inji cc 49, taya inci 8, kai mai naɗewa don ya shiga bayan mota. Na farkon ba su da shokazoba a baya, sai a 1972 aka sa musu. Don haka in an ce maka na 1969 ne kuma ga shokazoba biyu a baya, akwai magana. Dax, wato ST70 da Amurka ta sani da CT70, na 1969 ne, cc 72, taya inci 10, tankinsa a ɓoye cikin firam.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada ka yar da komai. Kafireta ta asali tana da tambarin Keihin, gilashin fitila kuma Stanley. Ko sun yi baƙi ƙirin, ka wanke su ka adana. Sabuwar kafireta mai arha tana ko'ina, amma waccan in ta tafi ta tafi. Fenti ma haka. Jan nan mai sheƙi da Honda ke kira Candy Ruby Red, ko rana ta cinye shi, ya fi mini sabon feshi daraja. In za ka sayo kayan gyara, duba tsakiyar lambar da ke jikin ledar: 045 na Z50A na farko ne, 098 na Dax.

Wajen kwancewa na yi ɓarna. Kusoshin Japan masu ɗan ɗigo a ka ba su jituwa da sukundireban da muka saba, sai na JIS, wato masu ma'aunin Japan. Ban sani ba, na cinye kan guda huɗu a murfin inji, sai da aka huda su. Ɗauki hoto kafin ka cire kowane abu, ka zuba kusoshin kowane sashe a ledarsu daban.

Iskar Jidda mai gishiri ce, tanki kusan kullum da tsatsa. Zuba khal, wato binega, da ƴan notoci, ka girgiza, ka bar shi ya kwana, ka ɗauraye ka shanya har ya bushe sarai. Canza bututun mai da tayoyi, zafi ya riga ya farfasa su. Juye tsohon baƙin mai, sabon ba ya ɗaukar ko lita ɗaya. Saita ratar bawul a milimita 0.05 inji na sanyi, ta kwantak mai ba fulogi wuta kuma tsakanin 0.3 da 0.4. Wutarsa bolt 6 ce, kada ka haɗa masa batirin 12.

Kafin kiki na farko, cire fulogi, ɗiga ɗan baƙin mai a ramin, ka danna kikin a hankali da hannu kana sauraro. In ya juya lami lafiya, mayar da fulogin ka buɗe mai.