Yadda ake hasashen bazuwar sankarar melanoma marar kauri zuwa kaluluwa

A Kano yawancin masu melanoma, wato sankarar fata da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi, sai ciwon ya zama gyambo a tafin ƙafa suke zuwa asibiti, shi ya sa sabbin likitoci kan rikice idan aka zo musu da ƙaramin baƙin tabo mai kama da tawadar Allah wanda ya soma canja kama. Wannan ne mara lafiyar da ake iya ceto, kuma a kansa ne aka fi yin kuskure.

Mataki na farko shi ne cire tabon, kuma a nan komai yake lalacewa. A yanke shi gaba ɗaya, da gefen lafiyayyiyar fata milimita 1 zuwa 3, a zurfafa har zuwa kitsen da ke ƙasa. Kada a kankare shi ta sama, kada kuma a ƙona shi, domin duk hasashen ya dogara ne da ma'aunin Breslow, wato zurfin ciwon daga saman fata zuwa ƙwayar sankara mafi zurfi, kuma idan wuƙa ta ratsa gindin ciwon, adadin da ɗakin gwaji zai bayar zai gaza na gaskiya. Fatar tafin ƙafa tana da kauri, don haka wanda ya ji tsoron zurfafawa zai kwaso ɓawo ne kawai. A saka naman cikin fomalin, wato sinadarin adana nama don gwaji, nan take, ba ruwan gishiri ba. Na sha ganin iyalai suna cewa a bar gwajin saboda kuɗi, amma ni a wurina ba a tattauna wannan, domin naman da aka zubar ba ya dawowa.

Idan sakamako ya fito, a duba kauri da kuma ko saman ciwon ya fashe. A bugu na 8 na tsarin AJCC, wato tsarin kwamitin Amurka na rarraba matakan sankara, abin da bai kai milimita 0.8 ba kuma bai fashe ba shi ne T1a, inda haɗarin bazuwa yawanci bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Daga 0.8 zuwa 1.0, ko wanda bai kai 0.8 ba amma ya fashe, shi ne T1b, haɗarinsa tsakanin kashi 5 zuwa 10. Ƙuruciyar mara lafiya, yawan ƙwayoyin da ke rarrabuwa, da shigar sankarar cikin hanyoyin jini ko na ruwan kaluluwa duk suna ƙara haɗarin, don haka a nemi mai gwajin ya rubuta su.

Sannan a lalubi matsematsi da hamata don a ji ko kaluluwa ta kumbura. Mai T1b a yi masa bayanin gwajin kaluluwar farko, wato wadda ruwan kaluluwa daga wurin ciwon ke fara isa gare ta, wadda ake ganowa da shuɗin rini ko sinadarin haske, a kuma tura shi asibitin koyarwa kafin a faɗaɗa yankan gefen lafiyayyiyar fata zuwa santimita 1, domin faɗaɗawar tana iya sauya hanyar da ruwan yake bi. Mai T1a marar wata alamar haɗari a faɗaɗa yankan, a ba shi ranar dawowa.