Yadda Ɗalibi Zai Tunkari Kwas ɗin Sifaniyanci na Matakin Tsakiya a Jami'a

A yawancin jami'o'in Amurka, inda Sifaniyanci ya fi kowane harshen waje yawan masu koyo, kwas ɗin matakin tsakiya yakan zo ne a zango na uku da na huɗu, kuma sau da yawa ana ba shi lamba 201 da 202. Ɗalibi yana shigarsa ne ko dai bayan ya ci kwasa-kwasan farko guda biyu, ko kuma bayan ya zauna gwajin tantance mataki idan ya taɓa karanta harshen a sakandare. Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne tun ranar farko malama za ta shigo ta gaisa, ta kira suna, ta bayyana aikin ranar, duk da Sifaniyanci, ba tare da ta tsaya fassarawa ba. Da gangan take yin haka, domin ƙungiyar malaman harsunan waje ta Amurka, wato ACTFL, ta ba da shawarar a yi aƙalla kashi 90 cikin 100 na lokacin aji da harshen da ake koyo. A shekarar farko an ba ka kayan aiki ne, yanzu kuwa ana so a ga ka yi gini da su.

Kafin ka damu kanka da cewa ba ka magana kamar ɗan Madrid, ya kamata ka san iyakar abin da ake nema a wurinka. Ma'aunin harsuna na Majalisar Turai, wanda aka wallafa a 2001, ya kasa ƙwarewa gida shida, daga A1 zuwa C2, kuma wannan kwas yana ƙoƙarin ɗaga ɗalibi ne daga A2 zuwa B1. Mai matakin B1 shi ne wanda zai fahimci jigon magana a kan abubuwan da ya saba da su, ya fitar da kansa idan tafiya ta kai shi ƙasar da ake yin harshen, ya ba da labarin abin da ya same shi, ya faɗi burinsa, ya kuma kawo dalili a taƙaice a kan ra'ayinsa. Babu inda aka ce sai ya daina kuskure.

Abu na farko da za ka yi shi ne ka zauna da takardar tsarin kwas da ake rabawa a makon farko, ka karanta ta daga farko har ƙarshe, ka kwashe ranakun gwaje-gwaje da na miƙa ayyuka ka zuba a kalandar wayarka. Za ka tarar an rarraba maki a kan halarta da sa baki a aji, da jingar intanet, da ƙananan gwaje-gwaje, da insha'i biyu ko uku, da jarrabawar baka, sannan jarrabawar ƙarshe. Ɗalibin da ya taso a tsarin jami'o'in Najeriya, inda jarrabawar ƙarshen zango take ɗauke da kashi 60 ko 70 cikin 100, yana iya faɗawa tarko a nan, saboda a irin wannan kwas ba kasafai jarrabawar ƙarshe take wuce kashi ɗaya bisa huɗu ba, kuma wanda ya ajiye karatu sai mako biyu kafin jarrabawa ya riga ya zubar da mafi yawan makinsa. Ƙa'idar da aka saba bi a Amurka ita ce kowace awa ɗaya ta aji tana bukatar awa biyu na aiki a waje, na tsawon kusan mako 15. Kwas mai kiredit 3, wato mai awa 3 na aji a mako, ke nan yana neman awa 6 a mako daga gare ka. Ka raba su kusan minti hamsin a kullum, domin harshe ba ya zama a kai idan an yi masa cin ƙoshi na rana ɗaya.

Makin sa baki a aji shi ne mafi sauƙin samu, shi ne kuma wanda ɗalibai masu kunya suka fi asara. Tarbiyyarmu ta koya mana mu yi shiru a gaban malami, mu sunkuyar da kai, kada mu yi magana sai an tambaye mu, kuma wannan ladabi ne mai kyau a muhallinsa. Amma malamar Sifaniyanci tana rubuta shirun nan a matsayin rashin shiri. Maganin abin shi ne ka karanta shafukan da aka ba da kafin ka zo, ka rubuta jimla biyu da tambaya ɗaya, ka ɗaga hannu a cikin minti goma na farko tun tsoro bai taru ba. Ka haddace 'yan jimlolin ceto, irin su «¿Cómo se dice…?» idan kalma ta ɓace maka, da «¿Puede repetir, por favor?» idan kana so a maimaita, domin kada ka koma Turanci a tsakiyar magana.

A fannin nahawu ne nake so in daɗe, domin a nan Bahaushe yake da wata riba da abokan karatunsa masu jin Turanci kaɗai ba su da ita, sai dai littafin ajin ba zai gaya masa ba, tunda don su aka rubuta shi. Shawarata ita ce duk lokacin da aka kawo sabuwar ƙa'ida, ka fara gwada ta da Hausa kafin ka karanta bayanin Turanci.

Babban dodon wannan mataki shi ne abin da ake kira subjuntivo, wato sigar aikatau da ake amfani da ita wajen so, da fata, da umarni, da shakka. 'Yan ajinka za su yi makonni suna fama da ita, alhali kai kana yin ta tun kana goye. Da Hausa muna cewa «na san za ka zo», amma «ina so ka zo», kuma ba wanda zai ce «ina so za ka zo». Haka Sifaniyanci yake bambanta «sé que vienes» da «quiero que vengas». Inda muke cewa «domin ka gane» suna cewa «para que entiendas», inda muke cewa «kafin ya iso» suna cewa «antes de que llegue», kuma «ojalá llueva» daidai take da «Allah ya sa a yi ruwa». Ita kanta kalmar ojalá daga Larabci ta fito, tana ɗauke da sunan Allah a cikinta, gadon zaman Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492, kamar yadda alcalde, wato magajin gari, ta fito daga tushen da ya ba mu kalmar alƙali.

Sai dai kwatancin yana da iyaka, kuma a iyakar nan ake faɗuwa gwaji. Idan mai so shi ne mai aikatawa, Hausa tana cewa «ina so in zo», amma Sifaniyanci yana cewa «quiero venir» kawai; in ka ce «quiero que venga», ka faɗi cewa kana so wani ne ya zo. Haka kuma suna sa wannan siga bayan shakka da motsin rai, kamar «no creo que sea verdad», ba na jin gaskiya ne, da kuma bayan cuando idan ana nufin abin da bai faru ba tukuna, kamar «cuando llegues», idan ka iso. Waɗannan sai an haddace. Gina sigar kuwa ba wuya: ka ɗauki aikatau kamar yadda mai magana yake faɗar sa game da kansa, ka cire wasalin o na ƙarshe, ka sa e idan asalin aikatau ɗin ya ƙare da -ar, ko a idan ya ƙare da -er ko -ir, sai tengo ta zama tenga, hago ta zama haga. Guda shida ne suka fita daga wannan tsari, wato dé, esté, haya, vaya, sepa da sea.

Abu na biyu shi ne bambancin shuɗaɗɗen lokaci iri biyu, pretérito na abin da ya faru ya ƙare, da imperfecto na sabo ko abin da ke gudana, wanda ake maimaitawa a farkon kwas saboda sai da shi ake iya ba da labari. Nan ma Hausa ta share maka hanya. «Jiya na je kasuwa» abu ne da ya faru ya ƙare, shi ne «ayer fui al mercado». «Ina yaro nakan je kasuwa ranar Juma'a» sabo ne, shi ne «de niño iba al mercado los viernes». A jimlar «ina karatu sai aka ɗauke wuta» akwai aikin da ke gudana da kuma wanda ya katse shi, kuma haka «estudiaba cuando se fue la luz» take a tsare. Game da ser da estar, aikatau biyu da ke nuna kasancewa, ka tuna «malami ne» da «yana gida», wato «es profesor» da «está en casa», sannan ka kula da wuraren da ma'ana take juyawa: «es listo» yana da wayo, «está listo» ya shirya.

Jinsin suna ba baƙonka ba ne. A harsunan biyu yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin a mata ne, kuma kamar yadda muke da ruwa da gida da nama waɗanda maza ne, su ma suna da el día, el mapa da el problema. Amma kada ka ɗora jinsin Hausa a kan kalmarsu, domin rana a wurinsu namiji ce, el sol, wata kuma mace, la luna. Ka riƙa rubuta kowane sabon suna tare da el ko la. Wajen furuci, wasulansu biyar ne irin namu, kuma kunnen da ya saba bambanta bara ta almajiri da bara mai hidima ba zai sha wahalar furucin r a pero (amma) da perro (kare) ba. Inda za ka yi aiki tuƙuru shi ne p da f, tunda puente gada ce, fuente kuwa maɓulɓular ruwa. Ɗan layin da ake ɗorawa a kan wasali shi ma maki ne, domin hablo na nufin ina magana, habló kuma ya yi magana.

Insha'i a wannan mataki yawanci shafi ɗaya ne ko kusan haka, kuma malamai da yawa suna karɓar sa sau biyu. A karo na farko malama ba ta gyara maka kuskure, tana sa alama ne a gefe ta nuna irinsa, ko jinsi ne, ko lokacin aikatau, ko zaɓen kalma, kai kuma ka nemo gyaran ka sake miƙawa. Ka tanadi shafi guda a littafinka na kurakuran da kake maimaitawa, ka duba shi kafin kowane sabon rubutu. Kada ka rubuta da Turanci ko Hausa sannan ka fassara, domin tunaninka a waɗannan harsuna ya girmi Sifaniyancinka, kuma jimlolin za su fi ƙarfinka. Ka rubuta kai tsaye da abin da ka sani, ka ɗaure jimloli da kalmomi irin su aunque, sin embargo da por eso. Zuba rubutu a Google Translate ko manhajojin da ke rubuta wa mutum aiki kuwa, yawancin sassan harsuna suna ɗaukar sa a matsayin satar amsa, kuma ba shi da wuyar ganewa, tunda malamar da take jin maganarka sau uku a mako ta san abin da za ka iya rubutawa. Ƙamus ya halatta: akwai WordReference, akwai kuma ƙamus ɗin Real Academia Española, cibiyar kula da harshen Sifaniyanci da aka kafa a 1713, wanda yake kyauta a intanet. In wani abu ya shige maka duhu, ka je ofishin malama a sa'o'in da ta ware wa ɗalibai. Wajen yi mata magana ko rubuta mata saƙo ka fara da usted, wadda take matsayin «ku» ta girmamawa a wurinmu, har sai ita da kanta ta ce ka yi amfani da tú.

Jarrabawar baka takan kasance hira ce ta 'yan mintoci, kai da malama ko kai da abokin karatu, a kan batutuwan da aka sanar tun da wuri. Haddace jawabi ba ya taimako, domin tambaya ɗaya ta ba-zata tana warware shi. Ka samu aboki ku riƙa jefa wa juna tambayoyi, ka kuma koyi kewaya kalmar da ka manta, misali ka ce «es una cosa que sirve para…», wato abu ne da ake amfani da shi wajen kaza. Kunne kuma yana bukatar abincinsa a wajen aji, kamar labaran BBC Mundo ko shirye-shiryen RTVE, gidan rediyo da talabijin na Sifaniya, ko da minti goma ne a rana. Za ka ji bambanci tsakanin ƙasashe: a Sifaniya ana cewa vosotros ga jama'ar da aka saba da su, a Latin Amurka ustedes ake cewa, a Ajantina da Yurugwai kuma vos ta maye gurbin tú. Duk daidai ne, abin da ake so shi ne ka riƙe salo ɗaya a maganarka ka kuma gane sauran. Idan aka ba ka zaɓin ƙasar da za ka gabatar da jawabi a kanta, ka tuna da Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Kamaru, wadda Sifaniyanci yake harshen hukuma a cikinta. Kaɗan ne daga 'yan ajinka za su san da ita, kuma za ka yi magana a kan yankin da ka fi su sani.

Wanda ya kammala 202 da sakamako mai kyau, kuma yana son shaidar da za a karɓa a wajen jami'arsa, yana iya neman jarrabawar DELE ta matakin B1, wadda Instituto Cervantes, cibiyar da gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991, take gudanarwa. Tana gwada karatu, da saurare, da rubutu, da magana, kuma takardar shaidarta ba ta da wa'adin ƙarewa. Ya fi kyau a yi rajistarta a watannin da suka biyo bayan kwas ɗin, tun subjuntivo bai fara dusashewa a baki ba.