Idan maganaɗisun mitar keke ya faɗi

Mitar keke, wato na'urar da ke nuna gudu, juyin ƙafar gaba take ƙirgawa. Akwai ɗan maganaɗisu a jikin sifok ɗaya, kuma duk giftawar da ya yi ta gaban sansa, wato 'yar na'urar jin maganaɗisu da ke ɗaure a fok, wasu siraran ƙarafa biyu ne ke haɗuwa a cikinta, mita ta ƙirga juyi ɗaya. Shi ya sa in ya faɗi za ka ga agogo na aiki amma gudu ya tsaya a 0. Yawanci girgizar hanyar burji ce ke kwance shi.

Fara duba sifok ɗin tukuna, wani lokaci zamewa kawai ya yi. In babu shi, samo kowane maganaɗisu ka yi ta gifta shi ta gaban sansa. Lamba ta motsa, to sansa lafiyarta ƙalau. Ba ta motsa ba, ka zargi wayar sansa ko batir, wanda galibi CR2032 ne.

Sabon maganaɗisun ba dole sai na kamfanin mita irin Cateye ko Sigma ba. Ka leƙa wajen masu gyaran waya da rediyo a Wunti ko kasuwar Muda Lawal a Bauchi, ka nemi ɗan farin maganaɗisu mai sheƙi irin na cikin tsohon iyafis. Faɗin milimita 5 zuwa 6 da kaurin 2 zuwa 3 ya wadatar. Baƙin nan na babbar sifika ya yi nauyi, ka bar shi.

Wajen ɗaurawa ne aiki yake. Zaɓi inda sifok biyu suka gicciya, a ɓangaren da sansa take, don a nan ba ya juyawa. Goge wurin da fetur kaɗan ya bushe, ka kwaɓa Araldite ka ɗora maganaɗisun fuskarsa na kallon sansa, ka bar shi ya kwana. Washegari ka yanko siririyar robar tsohon tif ka naɗe shi tam sau uku ko huɗu. Sufa gulu ita kaɗai ba ta jure girgiza, tsagewa take yi. Kada kuma ka kusanto da wuta ko dalma, domin zafin da ya haura digiri 80 yana rage ƙarfin irin wannan maganaɗisu, kuma ba ya dawowa.

Tazararsa da sansa kada ta wuce milimita 5, sannan ya gifta daidai layin da aka zana a jikinta. Matsar da sansa ya fi sauƙi, ita za ka daidaita. Ɗaga kan keke ka juya ƙafar, in ka kasa kunne za ka ji ɗan "ƙis" a kowane juyi.

Idan gudu ya ninka, ana tafiya 15 mita na nuna 30, sansa na ƙirga sau biyu ne saboda maganaɗisun ya yi ƙarfi ko ya matso da yawa. Ja da sansa baya kaɗan. Idan kuma lamba na ɓacewa a gangara, sauko da su biyun kusa da tsakiyar ƙafa, inda giftawar ba ta da sauri. Sai dai mita marar waya ba ta son nisanta da sansa ya wuce kamar santimita 70.

In ka cire batir, sake duba lambar zagayen taya da aka sa wa mita. Sa alama a ƙasa daidai bawul, tura keke juyi ɗaya, ka auna da tef a milimita. Taya 26 x 1.95 takan ba da wajen 2050.